Masan da Ba a Yashe da Rani Ba, Maƙwabci Ke Shan Sa da Damina



Ruwa ya ɗauke, mun shiga kaka, nan da 'yan makonni hazon hunturu zai sauko mana daga Arewa. A gida wannan ne lokacin da ake yaɓe, a gyara rumbu, a ɗaga katangar da damina ta kayar. Mu a nan Badun ba mu da rumbu, amma a kowane gida akwai abin da damina ta yi wa ɓarna fiye da katanga, kuma shi ne ba a son a ambata a majalisa: masai da sokawe. To yau za mu ambace su da sunansu, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maganarmu ɗaya ce. Duk mai gidan da ya bar watannin nan huɗu, Nuwamba zuwa Fabrairu, suka wuce bai buɗe ramin gidansa ya duba ba, bai yashe ba, bai gyara ba, to ya riga ya zaɓi inda ƙazantar gidansa za ta nufa idan ruwa ya dawo. Kwata za ta nufa, da lungu, da rijiyar maƙwabci. Ko ya faɗa da bakinsa ko bai faɗa ba, shawarar da ya yanke ke nan.

Wasunmu har yau da lissafin Arewa suke zaune a ƙasar Kurmi. A Kano ko Katsina ruwa yakan ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Mayu ko Yuni. Mutum yana da wata bakwai ko takwas na busasshiyar ƙasa. Yana iya cewa sai bayan Sallah, Sallah ta wuce, ya ce sai an sayar da kaya, kuma har lokacin bai makara ba. A Ibadan ruwa yana kaiwa ƙarshen Oktoba, wata shekarar ya leƙa Nuwamba, sannan a Maris ya dawo, wani lokacin ma tun Fabrairu ake jin tsawa. Ga shi ya fi na can yawa nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka, azumi a waɗannan shekarun a Fabrairu ko Maris yake kamawa, kuma kowa ya san inda kuɗin magidanci ke tafiya a watan: gero, sukari, ɗinkin Sallah. Wanda bai taɓa ramin gidansa ba tsakanin yanzu da Janairu, kada ya yaudari kansa, ba zai taɓa shi ba sai ya fashe.

Kowa a unguwar nan ya san abin da ake yi idan hadari ya haɗu da dare. Ana jira ruwa ya kece, lungu ya yi tsit, sai a zare toshiyar ɓoyayyen bututun da aka haɗa daga sokawe zuwa kwata. Wanda ba shi da bututu ya sa yara su kwasa da bokiti su zuba. Wai ruwa zai tafi da shi. Ina zai tafi da shi, Alhaji? Ibadan gari ne na tudu da gangare, abin da ka saka a sama ƙofar na ƙasa da kai yake tsayawa. Kwatocinmu kuwa cike suke da leda, ba sa kai komai ko'ina. Da asuba masu zuwa masallaci su taka, yara su bi ta ciki zuwa makaranta, mai koko da ƙosai ta dasa teburinta a bakin kwatar. Mai gidan da ya saki abin kuma ya fito da farar riga yana toshe hanci tare da kowa, yana tambayar ko daga ina warin nan yake. Wasu suna kiran wannan dabara. Mu zalunci muke kiransa, kuma zaluncin da ake yi wa wanda yake barci.

Da yawa daga cikin masu yin haka ba su ma san yadda ramin gidansu yake aiki ba, sun ɗauka rami ne kawai da ke haɗiye komai har abada. Abin da muke kira sokawe a dunƙule ramuka biyu ne. Na farko tanki ne da aka gina da bulo aka shafe da siminti don kada ya yoyo, galibi da bango a tsakiya da ya raba shi ɗaki biyu. Abin da ya fito daga bayan gida a nan yake fara sauka. Mai nauyi ya kwanta a ƙasa ya zama laka, maiƙo da kumfa su taso sama, ruwa ya tsaya a tsakiya. Akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cin wannan laka suna rage ta. Ruwan tsakiyar ne kaɗai ya kamata ya tsallaka zuwa rami na biyu, wato sokawe na ainihi, wanda aka bar wa ƙofofi a jikin gininsa don ƙasa ta shanye ruwan sannu a hankali. Halittun nan ba sa cinye lakar duka, kullum tana ɗan ƙaruwa. Idan aka bar ta ta yi yawa, sai ta bi ruwa ta shiga rami na biyu ta toshe ƙofofin ƙasar. Daga ranar ƙasa ta daina sha. Ko ka kira mota ta kwashe, bayan 'yan makonni ya sake cika, sai ka ji mai gida yana cewa an yi masa sammu. Babu wani sammu. Ya bar aikin ƙaramin kuɗi ne har ya zama aikin haƙa sabon rami, a gidan da ko wurin shanya babu.

A gidan iyali ɗaya, ana yashe irin wannan tanki duk shekara 3 zuwa 5. Amma gida nawa ne a Sabo na iyali ɗaya? Ramin da kakanmu ya haƙa don shi da matansa da 'ya'yansa, yau an ƙara ɗakuna a tsakar gida, an ƙara a zaure, an ɗora bene, ga 'yan haya, ga baƙin kasuwa da ke sauka daga Arewa da goro ko dabbobi ko kayan gwari, ga yaran shago da ke shigowa kama ruwa. Ɗakuna sun ninka, kuɗin haya ya ninka, rami yana nan yadda yake tun zamanin sulai. Irin wannan gidan ba shi da zancen shekara 5. Duk shekara sai an duba shi.

'Yan haya ma kada su ɗauka mun manta da su. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ake samu idan aka buɗe ramukan nan? Ledar fiya wata, kunzugun yara na zamani, audugar mata, tsumma, gashin kitso, kwalaben magani. Babu ɗaya a cikinsu da ke ruɓewa. Masu sayar da abinci kuma su juye ragowar mai da ruwan wanke-wanke a masai, man ya daskare ya toshe bututu. Idan wari ya tashi, sai wani gwani ya ba da shawara a zuba kananzir, ko baƙin mai, ko asid, ko jarkar maganin kashe ƙwayoyin cuta, wai abin zai lotsa. Waɗannan abubuwa halittun da ke yi maka aiki kyauta suke kashewa, lakar ta ƙara saurin taruwa, gubar kuma ta bi ƙasa ta nufi rijiya. Wanke bayan gida da ɗan magani daidai misali ba laifi. Amma kananzir a rami mai iskar da ke kama wuta, a gidan da wani zai shiga da taba a baki, haba jama'a!

Me ya sa muka ce a duba yanzu da kaka? Saboda yanzu ne shaidar damina take nan ba ta goge ba. Zagaya bayan gidanka da rana. Wurin da ya ƙi bushewa alhali ko'ina ya bushe, ciyawar da ta yi kore shar a gefen rami, ƙasar da ta lotsa a bakin murfi, tsagar da ta fito a siminti, bututun da ke ƙugi idan an kora ruwa, ruwan da ke daɗewa bai wuce ba, duk magana suke yi maka. Idan hunturu ya busar da komai, alamun nan za su ɓuya, ka ce ai ya warke da kansa. Bai warke ba, ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya ja baya, kuma zai dawo a Afrilu.

Me ya sa kuma ba a yi aikin tun ana ruwa ba? Domin lokacin ƙasa a jiƙe take sharkaf. Tankin da ke da tsaga, in aka kwashe shi, ruwan ƙasa ne zai sake cika shi, ka biya kuɗi a banza. Masan gargajiya da ba a gina cikinsa ba kuwa, abin da ke ciki ne yake tokare da bangonsa, in aka kwashe shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana iya ruftawa da wanda ke kansa. Mota ma ba ta son lungunmu da damina. Saboda haka tsarin a fili yake: a duba a Nuwamba, a yashe a gyara a Disamba da Janairu, ruwan farko ya zo ya tarar an gama.

Dubawar ba ta buƙatar injiniya. A samu dogon gora, a naɗe ƙasansa da farin tsumma, a ɗaure. A buɗe murfin da rana, mutum biyu manya, a kori yara, a ja da baya a bar shi ya sha iska. A zura goran a hankali har ya taɓa ƙasa, a ɗan jira, a zaro. Baƙin da ya kama tsumman shi ne tsawon lakar. Idan ta kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan, lokacin yasa ya yi. Masan gargajiya kuwa, in abin da ke ciki ya rage rabin mita ya taɓo daɓen, a daina shiga sai an kwashe.

A nan akwai gargaɗin da muke roƙon kowane magidanci ya karanta wa matasan gidansa da babbar murya. Ba a shiga ramin nan, ba a zura kai a leƙa, ba a haska shi da ashana ko fitilar kananzir. Akwai iska iri biyu a ciki. Ɗaya tana kama wuta. Ɗayar ita ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa take kwanciya a ƙasan rami. Idan ta yi yawa hanci ma daina jin warinta yake yi, mutum ya ɗauka babu komai, shaƙa kaɗan ya faɗi. Sau nawa muka ji a rediyo waya ta faɗa masai, saurayi ya shiga ɗaukowa bai fito ba, ɗan'uwansa ya bi shi, maƙwabci ya bi na biyun, a yi jana'izar mutum uku saboda waya ɗaya? Wayar da ta faɗa ta tafi. In kuwa mutum ne ya faɗa, kada wani ya bi shi da hannu biyu, a kira 'yan kwana-kwana, a buɗe ramin sosai iska ta shiga.

Idan an kira motar yasa, mai gida ko wakilinsa ya tsaya a wurin, zuwa da kai ya fi aike. Ruwan sama-sama yana da sauƙin zuƙa, kuma akwai masu zuƙe shi su karɓi kuɗi su tafi su bar lakar da aka kira su dominta. A sa su motsa ta su kwashe, ɗakuna biyun duka, sannan a sake zura gora kafin a biya. A kuma tambaye su inda za su zubar. Wanda ya ba ka farashi mai arha ƙwarai, wataƙila rafin da ke bayan wata unguwa ne majuyarsa, ka ga ka cire zalunci daga lungunku ka aika wa wasu. Inda mota ba ta shiga, gidajen lungu ɗaya su haɗu su kira ta rana ɗaya da dogon tiyo, ya fi sauƙi ga kowa. Inda kuma ba makawa sai masu kwasa da hannu, waɗanda Kanawa ke kira gidan kowa da akwai, to a tuna mutane ne masu iyali. A biya su haƙƙinsu, a ba su takalmin roba da safar hannu da sabulu, kada a matsa musu su sauka cikin rami, kada kuma a ce su haƙa a tsakar gida kusa da rijiya su binne.

Bayan yasa sai gyara. Murfin da ya tsage har rodi ya fito ya yi tsatsa, a sake shi, domin iskar ramin tana cin siminti da ƙarfe daga ciki, saman yana kyau ƙasan ya zama gari. A kan irin wannan murfin yaranmu ke wasa, a kansa mata ke wanki. A toshe tsagar tanki. Bututun fitar da iska ya zarce rufin ɗaki, a ɗaura masa raga a baki don ƙuda da sauro, in yanar gizo ta toshe shi a kwarara masa ruwa. A duba indararo: duk ruwan rufin da ke zuba kan sokawe ko cikinsa a juya shi wani wuri, domin ruwan dare ɗaya a nan yana iya cika ramin da zai yi wata yana aiki. A ɗaga bakin murfi ya fi tsakar gida tudu. Wanda ya yi aikin siminti da hunturu ya riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, in ba haka ba iska za ta busar da shi kafin ya yi ƙarfi. Masu gina shago ko ɗaki a kan sokawe, da masu shafe murfin da tayil har a rasa inda yake, da masu ajiye mota a kansa, muna tambayarku: ranar da ya cika, ta ina za a buɗe? Ranar da ya rufta, wa ke kwance a ɗakin?

Yanzu mu zo kan rijiya, domin nan ne abin ya daina zama sirrin gidan mutum. Ruwan famfon gwamnati ba abin dogaro ba ne a wurinmu, yawancinmu rijiya muke sha, ko burtsatse, ko abin da 'yan ga-ruwa suka kawo daga rijiyar wani. Masana tsaftar ruwa suna son a samu mita 30 tsakanin rami da rijiya, wajen taku 40 na babban mutum. Ku auna a gidajenku. A wurare da yawa katanga ɗaya ce tsakanin sokawen wannan da rijiyar wancan. Ba za mu iya matsar da gidaje ba, shi ya sa abin da za mu iya ya zama dole: tanki marar yoyo, ramin da ba ya ambaliya, rijiya mai ginannen ciki da baki mai tudu da murfi, guga ɗaya da ba a ajiye shi a ƙasa, ruwan sha kuma a tafasa ko a sa masa kulorin. Alam yana kwantar da laka ne ruwa ya yi garau, ba a dogara da shi wajen kashe cuta.

Tun muna yara a makarantar allo da ta littattafai aka karantar da mu cewa ruwan da najasa ta canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi ba a alwala da shi, ba a girki da shi. Mun iya wannan babin da ka. To yaya mutum zai yi taka-tsantsan da ɗigon fitsari a wandonsa, sannan ya tura najasar mutum hamsin zuwa rijiyar da maƙwabcinsa ke alwala? Abin da ya fi tsoratarwa, ƙwayar kwalara da ta taifot ba sa canza launi, ba sa canza ɗanɗano. Ruwa yana iya zama fari tas yana ɗauke da ajalin yaro.

Kada wani ya ce muna tsorata mutane. A shekarar 2021 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙidaya mutum fiye da 100,000 da ake zaton amai da gudawa ya kama a ƙasar nan, fiye da 3,500 suka rasu. Jihohin da suka fi jin jiki, Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara, garuruwanmu ne, motocinsu kullum suna sauke mutane a nan. A watan Yunin 2024 cutar ta ɓarke a Legas, tafiyar awa biyu daga ƙofar gidanmu. Ruwan Ibadan kuwa dattawanmu ba su manta ambaliyar Ogunpa ta 31 ga Agustan 1980 ba, matasa ma sun ga ta 26 ga Agustan 2011 da ta ci rayuka fiye da 100. Ba sai an yi irin waɗannan ba. Ruwan da ya kai idon sawu a tsakar gida ya isa ya haɗa cikakken masai da rijiya su zama abu ɗaya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mun san amsoshin da za a ba mu, mun sha jin su. Na farko, babu kuɗi. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, ba mu musa ba. Amma mai gidan da ke karɓar hayar ɗaki goma sha biyu duk shekara, wanda bai taɓa mantawa da ranar ƙarin kuɗi ba, shi ne zai ce ba shi da na mota ɗaya? A raba kuɗin yasa a kan watanni da ɗakunan gidan a gani, abin da zai faɗo wa kowane ɗaki a wata ba zai kai abin da ake zuba wa waya ba. A kwatanta shi kuma da kuɗin ƙarin ruwa a asibiti na yara uku a dare ɗaya, ko da na haƙa sabon rami. Masu adashe sun san yadda ake tara babban kuɗi da ƙanana. A yi wa rami nasa asusun.

Na biyu, gidan gado ne. Wannan ita ce cutar manyan gidajenmu. Magada ashirin, wasu a Kano, wasu a Ikko, wasu a Sagamu, ranar rabon kuɗin haya kowa yana da lambar waya, ranar da masai ya cika kowa wayarsa a kashe. Maganin a bayyane yake: a cire kuɗin gyara kafin a raba ko sisi. Wanda ya ci gadon ɗaki ya ci gadon rami.

Na uku, ni baƙo ne, gobe zan koma gida. Tun 1916 aka kafa Sabo. Baƙon da ya haura shekara 100, ya binne kakanninsa a nan, ya aurar da jikokinsa a nan, wane irin baƙo ne? Akwai masu gina gidan alfarma a garinsu wanda suke kwana a ciki sati biyu a shekara, alhali matansu da 'ya'yansu suna tsugunawa kan fasasshen daɓe sauran makonni hamsin. Iyayenmu mata su ne ke wuni a gidan, su ke shaƙar warin, su ke kwana a asibiti da yaro. Ba su da bakin magana a majalisar ƙofar gida, amma su ke biyan bashin.

Na huɗu, aikin gwamnati ne. E, gwamnati tana da nata laifin, kuma za mu ci gaba da faɗa mata: ba ruwan famfo mai ɗorewa, ba manyan magudanan ƙazanta, kwatoci ba sa samun kulawa. A Nuwamban 2019 shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar da ta ce zuwa 2025 za a daina bahaya a fili a Nijeriya, kowa kuma ya ga inda aka kwana. Amma a 2022 an bayyana Jigawa a matsayin jihar farko da ta kai ga wannan matsayi, kuma mutanen ƙauyukanta ba su fi 'yan canji da dillalan Sabo kuɗi ba. Babu gwamnan da zai shigo bayan gidanka da gora.

Na biyar, komai ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara. Amma mai wannan maganar yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu kowane dare, bai taɓa barinsa a buɗe ya ce ƙaddara ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, mu da muke zaune a garin wasu. Ranar da cuta ta ɓarke a nan, Allah Ya kiyaye, ba za a ce gidan wane ba ne, unguwar Hausawa za a ce. Mai tsire da mai shayi da mai kayan miya da ba su san hawa ba su san sauka ba, su za su rasa masu saye. Duba-gari, waɗanda Yarbawa ke kira wole-wole, za su zo da takarda da kwaɗo, kuma ba za su tsaya tantance mai laifi ba. Masu neman hujjar cewa a tashe mu za su samu hujja a kyauta. Rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021 ya koya mana yadda ƙaramar magana ke zama gobara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsagar da hannunmu za mu iya toshe ta.

Saboda haka ga abin da muke nema. Muna roƙon fadar Mai Martaba Sarki da masu unguwanni su sa a zagaya lungu-lungu cikin watan nan, a rubuta gidajen da ramukansu suka cika ko suka fashe, da waɗanda ke da ɓoyayyen bututu zuwa kwata, a ba kowa wa'adi zuwa ƙarshen Janairu. Wanda aka kama yana sakin sokawe cikin ruwan sama a kira shi fada a ci shi tara, komai girman rawaninsa. Malamanmu limamai, a gafarce mu, muna roƙon huɗuba ɗaya a kan wannan, ga 19 ga Nuwamba nan tafe, ranar da duniya ta keɓe don maganar bayan gida. A fara da ramukan masallatai da makarantun allo da gidajen wanka na haya, su ne suka fi ɗaukar jama'a. Ƙungiyoyin matasa su ɗauki aikin haɗa gidajen kowane lungu a kan mota ɗaya. Gidan marayu da na gwauraye da tsofaffin da ba su da hali, masu hannu da shuni su ɗauke musu, sadaka ce da lungu duka zai ci moriyarta. Ɗan haya kuma, kafin ka biya kuɗin sabuwar shekara, tambayi mai gida ko kiyateka yaushe aka yashe ramin gidan, kai ma ka ajiye kwandon shara a bayan gida don leda da kunzugu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ƙasa tana bushewa, lungu yana shiguwa, magina suna nan, azumi bai zo ba. Alhaji, Malam, Hajiya mai gidan haya, a nemo gora da tsumma a wannan makon. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya tsare mu da zuri'armu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.